Kayan Wasan Yara Daga Guntayen Katako: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shagon kafinta da ka shiga, in ka leƙa ƙarƙashin benci ko bayan ƙofa, za ka tarar da tulin guntayen katako: ragowar ƙafar kujera, bakin filanki da aka datse, ɗan guntun da ya gaza kai awo. Yawancinsu a murhun mai shayi ko na mai ƙosai suke ƙarewa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye da malaman nazare da yaran shago suka fi yi idan aka ce musu wannan tulin zai iya zama kayan wasa. Na fi daɗewa a kan abin da ya shafi zaɓen katako da fenti, domin duk abin da ka miƙa wa ƙaramin yaro, ka ɗauka bakinsa zai shiga.

Ni ba kafinta ba ne. Zan iya?

Za ka iya. In ka iya riƙe zarto ka bi layin fensir, rabin aikin ya samu, sauran rabin haƙurin gogewa ne. Abin da ake buƙata tun farko bai taka kara ya karya ba: ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora, sandfefa, farin gam na katako, fensir da rula. Injin huda kawai ne zai iya gagarar ka, shi ma ba sai ka saya ba. Ka yi alamar wuraren da kake son a huda, ka kai wa kafintan unguwa, kafin ku gama gaisawa ya huda maka. Mata ma suna yi a tsakar gida, musamman gogewa da shafa launi, in an yanko musu guntayen daga shago.

A ina ake samun guntayen, kuma kyauta ne?

Manyan kasuwanni irin su 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, Panteka a Kaduna, Kasuwar Katako a Jos ko takwararta ta birnin Yamai ba sa rabuwa da su, musamman wajen masu injin tsaga. Amma ni na fi son shagon kafinta na kusa da gida, saboda a nan ne za ka iya tambayar asalin kowane guntu: daga wane aiki ya fito, an shafa masa wani abu ko ba a shafa ba.

Kada ka ɗauka shara ce ka hau tsinta. A shaguna da yawa guntayen nan su ne ɗan abin da yaran shago ke sayar wa masu abinci su sami na kashewa. Ka yi sallama, ka nemi maigidan shagon, ka faɗa masa abin da za ka yi da su. Sau da yawa zai ce ka ɗiba, kai kuma sai ka ɗan ba yaran na goro. In ka yi haka, gobe su da kansu za su riƙa ware maka masu kyau.

Wane katako ya fi dacewa?

Wanda ya bushe sarai, ba ya yin sartse, kuma ba a zuba masa magani ba. Melina tana da kyau ƙwarai: ba ta da nauyi, tana yankuwa cikin sauƙi, kuma in an goge ta sai ta yi sumul. Farin katakon nan mai laushi da ake kira obeche shi ma yana yi wa bulo da jikin mota, sai dai yana saurin lotsewa in ya sha jifa ko cizo. Maɗaci ya fi su ƙarfi da kyan launi, shi ya dace da taya da duk abin da zai sha wuya. Dalbejiya, wato dogon yaro, tana da ƙarfi kuma ƙwari ba su cika son ta ba. Aduwa ma, wadda masassaƙa suka daɗe suna yin allo da ita, tana karɓar guga da kyau.

Ƙirya da marke sun yi tauri da nauyi. Zarton hannu zai sha wahala a kansu, kuma bulon ƙirya in yaro ya jefi ƙaninsa da shi, sai an je kemis.

Ka duba kowane guntu kafin ka sa shi a buhu. Mai tsagewa, mai ido da ke shirin fita, da mai ƙananan huji da gari ke zuba daga cikinsu, duk ka bar wa mai shayi.

Wanne ne bai kamata a taɓa ba sam?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi. Katakon rufi shi ne na farko. Kowa ya san yadda ake yi wa katakon da za a ɗora wa kwano: a shafa masa Solignum, ko baƙin man inji da aka juye daga mota, wani lokaci a gauraya da maganin ƙwari don gudun gara. Maganin nan yana ratsa cikin katakon, sandfefa ba ta cire shi. Duk guntun da ka ga ya yi baƙi-baƙi ko maiƙo, ko kuma ka shinshina ka ji warin mai ko na magani, ba na yara ba ne.

Na biyu, guntun falwaya ta katako da tsofaffin katakan layin dogo. Ana jiƙa su da magunguna masu guba don su daɗe a ƙasa. Haka kuma katakon da ya yi kore-kore ba tare da fenti ba. Irin wannan galibi an dafa shi ne da haɗin da ke ɗauke da sinadarin asenik. Ko a murhu bai kamata a sa waɗannan ba, balle a hannun yaro.

Na uku, tsofaffin ƙofofi da tagogi da gadaje masu fenti. Bayanin dalilin yana tafe a maganar fenti.

Na huɗu, allunan MDF da HDF da ake yin wadirof da kabad na zamani da su. Garin katako ne aka matse da gam mai ɗauke da sinadarin fomaldihaid. In yawu ko ruwa ya taɓa su sai su kumbura su fara marmashewa, ƙurarsu kuma ba ta da daɗi ga huhu. Filaiwud mai kauri ya fi su dama-dama, ana iya yin allon wasa da shi ga manyan yara, amma a goge gefunansa sosai don yana yin sartse.

In kuma reshen itace za ka yi amfani da shi, ka guji duk icen da ke fitar da farin ruwa in an karya shi, irin su tumfafiya da tinya.

To katakon falet fa, wanda ake ɗoro kaya a kai daga waje?

Ka nemi hatimin da ake bugawa a jikinsa. In ka ga HT, da zafi aka kashe ƙwarin cikinsa, aƙalla digiri 56 na minti 30, ba a sa magani ba. In ka ga MB, an turara shi da maganin metil buromaid, ka rabu da shi. Ko mai HT ɗin ma hatimin bai gaya maka abin da aka ɗora masa a hanya ba, taki ne ko maganin feshi ko mai. In da tabo ko wari, a bar shi. Kuma falet cike yake da ƙusoshin da suka karye a ciki, masu cinye haƙoran zarto.

Da me ya kamata in fara?

Da bulo. Mutane suna raina shi don ba ya kama da komai, alhali wannan ne ƙarfinsa: yau gida ne, gobe garejin mota, jibi shagon sayar da kaya ko masallaci mai hasumiya. Motar roba mai batir abu ɗaya ta iya, in yaro ya gama ganin abin nan shi ke nan.

Sirrin bulo mai daɗin gini shi ne awonsa ya dace da juna. Wata malamar makaranta a birnin New York na Amurka, Caroline Pratt, ita ta fito da tsarin da makarantun ƙananan yara ke bi tun farkon ƙarni na 20: faɗi ya ninka kauri sau 2, tsawo ya ninka faɗi sau 2. Kai ma ka bi wannan da abin da ka samu. In kaurin katakonka santimita 3 ne, faɗin ya zama 6, tsawon 12. Sai ka yanka wasu rabin tsawon, wasu ninkinsa, ka raba wasu ta kusurwa su ba ka masu kusurwa uku na yin rufi. Da wannan tsari, ƙanana biyu za su yi daidai da babba ɗaya, ginin ba zai karkace ba, kuma yaro zai gane rabi da ninki da hannunsa tun kafin a koya masa a aji.

Don yanka ya zo daidai, ka kafa ɗan katako a kan benci a matsayin iyaka, ka riƙa tura filankin ya dangana da shi kafin kowane yanka. Ya fi auna kowanne da rula sauri, ya kuma fi shi daidaito. Guda 30 zuwa 40 sun ishi yara biyu.

Yaya ake yin mota mai tafiya?

Ka sami guntu mai tsawon santimita 12, faɗi 5, tsayi 4 ko 5. Wannan ne jikin motar. In kana son ta yi kama da tifa ko a-kori-kura, ka manna ƙaramin guntu a gaba a matsayin kai, ka kewaye baya da siraran katako uku. Yara sun fi son motar da ake loda wa kaya, ko da tsakuwa ce ko ƙwallon dabino.

Sai hujin sandar taya. Ka auna santimita 2 da rabi daga kowane ƙarshe, da kamar santimita 1 da ɗan ɗori daga ƙasa, a huda ya fita ta ɗaya gefen. A nan ne yawancin motoci ke lalacewa: in hujin ya karkace, taya uku ne za su taɓa ƙasa, ta huɗu tana lilo. Saboda haka a huda rabi daga wannan gefe, rabi daga wancan, su haɗu a tsakiya.

In sandar tayar kaurin milimita 8 ce, hujin jikin mota ya zama 9 ko 10 don ta riƙa juyawa sakayau, hujin taya kuma ya zama 8 cif don ta kama gam-gam. Ka goga wa tsakiyar sandar kyandir kafin ka zura ta. Wajen manna tayoyin, ka sa ɗan kwali tsakanin taya da jikin mota, in gam ya kama sai ka zare shi. Ɗan tazarar nan ita ke hana taya gugar jiki. Ka kula kada gam ya zurara cikin hujin jiki, in ba haka ba gobe ka tashi ka tarar da motar da ba ta motsi. Ragowar sandar da ta leƙo waje a datse ta daidai da fuskar taya, a goge.

Ba ni da injin yanka zagaye. Yaya zan yi da tayoyi?

Tsohuwar taɓarya da ta karye ita ce maganin wannan. Icenta ya bushe shekara da shekaru, yana da ƙarfi, kuma abinci kawai ya taɓa sani. Ka yayyanka ta faifai-faifai, kaurin santimita 1 da rabi. Muciya ko ƙotar shebur da ba a yi wa fenti ba suna ba da ƙananan tayoyi. Ɗanyen reshe kuwa kada ka gwada, yana bushewa zai tsage daga tsakiya zuwa baki.

Samun tsakiyar taya ba wuya: ka zana ta a kan takarda, ka yanke, ka ninka biyu sannan ka sake ninkawa. Inda layukan suka haɗu, nan ne tsakiya. Ka ɗora takardar a kan tayar ka soka da tsinin ƙusa.

Ƙusa ko gam?

Gam. Ƙusa tana yin tsatsa, tana sassautawa, kuma ranar da abin wasa ya karye tsininta ne zai fito. Farin gam na katako, irin su Top Bond da kafintoci ke amfani da shi, in fuskokin biyu sun kwanta daidai kuma an matse su, riƙonsa yakan fi katakon kansa ƙarfi. Shafi kaɗan ya isa. In ba ka da abin matsewa, ka yanko robar tsohon tif ka ɗaure tam, ka share wanda ya tsatso da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar shi ya kwana ya yini kafin a ba yaro. Inda ake buƙatar ƙarin ƙarfi, a huda a cusa siririyar sandar katako da gam a madadin ƙusa.

Gam ɗin shafa fomaika mai ƙarfin wari ba shi da aiki a nan.

Yarona bai kai shekara 3 ba. Da wani abu na daban da zan kiyaye?

Akwai, kuma ba wasa a ciki. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 maƙogwaronsa ƙarami ne, bai kuma iya tari mai ƙarfin fito da abin da ya maƙale ba. Masu gwada kayan wasa a Turai da Amurka suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa dungurungum, ba a yarda a sayar wa wannan rukuni na yara ba. Ki sami guntun fayif na ruwa mai inci 1 da kwata ki ajiye, shi ne ma'auninki. Abu mai siffar ƙwallo kuwa ya fi haɗari don yana toshe hanya ruf, shi sai ya wuce santimita 4 da rabi.

Ba girman abin wasan kawai za ki duba ba, har da abin da zai iya ɓallewa daga jikinsa. Ki ja tayoyin da ƙarfinki, ki murɗa, ki saki motar daga tsayin ƙugu ta faɗi a kan siminti sau da yawa. In wani abu ya fita a hannunki, da a bakinsa zai fita. Kada a manna maɓalli ko dutsen ado a matsayin fitila ko ido, a zana su kawai. Maganaɗisu da ƙaramin batirin agogo kada su kusanci kayan wasan gida: batirin yana ƙona maƙoshi cikin 'yan sa'o'i, maganaɗisu biyu kuma in aka haɗiye suna iya manne hanji su huda shi. Igiyar jan mota ta zama gajeriya, ba zarge a ƙarshenta, kuma kada a bar yaro ya kwana da ita a shimfiɗa.

A gidan da yara suke da yawa, matsalar takan zo ne daga kayan yayye da aka bari a tsakar gida. A ware musu gwangwani mai murfi.

Zan iya shafa ragowar fentin da ke gida?

In fentin mai ne na ƙofa, ƙarfe ko mota, a'a. Irin wannan fenti, musamman ja da rawaya da ruwan lemo, an daɗe ana sa masa dalma don launi ya fito kuma ya bushe da wuri. Ma'aunin da ƙasashe da yawa suka ɗauka shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti, amma kai da ka sayi rabin gwangwani a kasuwa, ko aka ɗura maka a robar ruwa, ba ka da hanyar tantancewa.

Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, sakamakon ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ke cikin fenti bai kai wancan yawa ba, sai dai gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata da za a ce ba ya cutarwa. Kaɗan-kaɗan take taruwa a jiki, ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta, ta jawo ƙarancin jini, ba tare da an ga wata alama a fili ba. Wannan ne ya sa na ce a guji tsofaffin ƙofofi: goge tsohon fenti da sandfefa yana mayar da shi ƙura ne, ƙurar kuma ta bi iska ta sauka a tabarma da kwanon abinci.

Folish ɗin da ake sirkawa da tina shi ma ba na abin da za a tsotsa ba ne. In dole sai ka yi fenti, ka nemi na ruwa wanda aka rubuta a jikinsa cewa an yi shi don yara, irin wanda makarantu ke saya. A ganina ma katako ya fi kyau da launinsa. Ka jera farin melina kusa da jan maɗaci ka gani.

In ina son launi ba tare da fenti ba fa?

Kicin ya wadatar. Kurkum yana ba da rawaya, zoɓo ja mai duhu wanda kan koma shuɗi-shuɗi a kan wasu katakan, lalle ruwan ƙasa mai ja. Kalar abinci da masu kek ke amfani da ita ta fi su haske. A dama da ruwa kaɗan, a shafa ko a tsoma guntun, a shanya a inuwa. Farin katako ne ke karɓar launi, maɗaci ba ya nunawa. Sai dai ki san cewa waɗannan launuka suna kodewa, kuma sukan ɗan zuba in sun jiƙe, kurkum kuwa in ya kama farar riga ba ya fita da daɗi.

Bayan ya bushe sai a rufe da mai. A narka kakin zuma kashi 1 da man kaɗanya ko na kwakwa kashi 3 ko 4 a kan wuta marar ƙarfi, a bari ya huce, a murza da tsumma, a bar shi ya kwana, a goge abin da bai shiga ba. Man gyaɗa yana yin wari in ya daɗe, ga shi akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa.

Wace irin sandfefa, kuma har yaushe zan yi ta guga?

Lambar da ke bayanta ita ke nuna kaushi. Ka fara da 80 don kashe kaifin gefe da kusurwa, ka koma 120, ka ƙarasa da 180 ko 220. Ka bi yadda zaren katakon ya kwanta. Bayan gugar ƙarshe ka shafa jiƙaƙƙen tsumma, in ya bushe za ka ji ya ɗan yi gashi-gashi, sai ka sake bi sama-sama. In ba ka yi haka ba, yawun yaro ne zai tayar da gashin. Gwajin gamawa shi ne ka shafa abin a kumatunka ko ka bi shi da tsohon mayafi mai santsi. In ya kama zare, da saura.

Malam, mene ne hukuncin sassaƙa 'yar tsana ko doki?

Malamai da yawa sun keɓe kayan wasan yara daga hanin da ya zo a kan yin siffar abu mai rai. Hujjarsu ita ce hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kuma ruwayar Abu Dawuda a kan dokinta na wasa mai fukafukai biyu. Akwai kuma ruwayar cewa sahabbai mata kan yi wa yaransu abin wasa da ulu don su ɗauke musu hankali daga yunwa ranar azumin Ashura. Wasu malaman sun fi son kada a fitar da kamannin fuska dalla-dalla. Wannan bai hana komai ba, don 'yar tsanar katako mai kai da jiki kawai, in aka ɗaura mata ƙyallen atamfa, ta gama zama amarya a wajen yarinya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tuntuɓi malaminsa, ko ya tsaya a kan mota da bulo da jirgi.

Manyan yara sun wuce wasan mota. Me za a yi musu?

Allon dara. Maimakon haƙa gurabu a ƙasa, a sami filanki a yi masa gurbi 30, layi 5 sau 6, a yanka 'ya'ya 12 na farin katako da 12 na ja. A yi masa ɗan akwati don kada 'ya'yan su watse.

Akwai kuma wasan hasumiya da ake sayarwa da sunan Jenga, wanda asalinsa ma daga irin wannan katako ne. Leslie Scott, wadda ta fitar da shi kasuwa a London a 1983, ta samo shi ne daga wasan da iyalinta ke yi a Ghana da guntayen da suka samo daga wani injin tsaga katako a Takoradi. Guda 54 ne, kowanne tsawon santimita 7 da rabi, faɗi 2 da rabi, kauri 1 da rabi. Ana jera uku-uku, kowane hawa ya gicciye na ƙasansa, har hawa 18. Kowa ya zare ɗaya ya ɗora a sama, wanda ginin ya rushe a hannunsa shi ya faɗi. Ɗan bambancin kauri da yankan hannu ke kawowa ba aibi ba ne a nan, shi ke sa wasu su zaru cikin sauƙi wasu su ƙi. Na ga iyaye maza sun ƙwace wannan wasa daga hannun 'ya'yansu bayan sallar isha'i.

Katantanwa ma tana yiwuwa: faifai mai faɗin santimita 5, a zura masa sanda a tsakiya cif, a ɗan fiƙe ƙasan ba tare da ya yi tsini ba.

Za a iya rubuta haruffa a jikin bulo?

Ƙwarai, kuma nan ne na gida ya fi na kanti. Bulon da ake shigowa da shi ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, don haka yaro ba zai iya haɗa ƙofa ko ɗaki da shi ba. Kai kuwa za ka sa su, ka yawaita wasula, musamman a, don Hausa tana cin ta da yawa. A ɗaya fuskar ka sa haruffan Larabci 28 ko lambobi. Hanyar da ba ta gogewa ita ce a zana da fensir sannan a bi da ƙarfen da aka gasa a wuta, yadda masu ƙwarya ke yi mata zane. Haruffa ɗai-ɗai kawai. Aya ko sunan Allah ba a sa su a kan abin da za a taka a tsakar gida.

Yara za su iya taya ni aikin?

Su taya, shi ne ma rabin daɗin. Yaran da suka saba ƙera motar kara da ta langa-langa ba baƙin ƙira ba ne, sau da yawa sun fi babba dabara. Ɗan shekara 5 zai iya shafa mai da launi da zaɓen guntaye, ɗan shekara 9 ko 10 zai iya jan zarto in an danne masa katakon kuma babba na tsaye. Injin lantarki kuwa ba nasu ba ne.

A yi guga a waje, inda iska ke wucewa, da takunkumi a hanci. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar ga masu shaƙarta shekara da shekaru, kuma ƙurar iroko da ta obeche an san su da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Yaro mai asma ya jira sai an share wurin.

Ana iya mayar da shi sana'a?

Ana iya, in an fara da kaɗan. Kamfanin Lego da duniya ta sani da bulon roba, wani kafinta ne, Ole Kirk Christiansen, ya faro shi a garin Billund na ƙasar Denmark a 1932, lokacin da aikin gini ya tsaya cik, kuma da kayan wasa na katako ya fara. Ban ce kowa zai kai can ba. Amma makarantun nazare da na Islamiyya suna neman bulon haruffa da na lissafi, iyaye kuma sukan saki hannu gab da Sallah. Da farashi ba za ka kayar da kayan roba na kasuwa ba, sai dai da ƙarko da kuma cewa in taya ta fita za a dawo maka ka gyara. Wajen sa kuɗi ka lissafa lokacin guga, don shi ne ke cin yini, ba katakon ba. Ka kuma faɗa wa mai saye shekarun da abin ya dace da su.

Yaya ake wanke su, kuma me ya sa wasu ke tsagewa da hunturu?

Kada a jiƙa su a bokiti. A goge da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, a bi da na ruwa zalla, a shanya a inuwa. Farin gam ba ya jure zama cikin ruwa, don haka motar da ta kwana a waje da damina da wuya ta tashi da tayoyinta.

Tsagewar hunturu kuwa alama ce ta cewa katakon bai gama bushewa ba lokacin da aka yi aikin. Katakon da aka kawo daga Kudu yana zuwa da danshi a jikinsa, iskar hunturu kuma takan zuƙe bayansa da sauri fiye da cikinsa, sai ya buɗe. Ka ajiye guntayen a ɗaki mai iska na wasu makonni kafin ka taɓa su, ka kuma sake shafa musu man kaɗanya da kaki in sanyi ya kama. Ƙaramar tsaga a cusa mata gam da garin katako a goge. Wadda ta kai yatsan yaro ya shiga, ko ta fara fitar da sartse, a cire abin daga cikin kayan. In kuma ka ga gari na zuba daga ƙananan huji, ƙwaro ne a ciki: a ɗaure abin a baƙar leda a ajiye a rana ta yini biyu ko uku, kada a fesa masa maganin sauro.